Mista Edward na Mararaba

Malam Nababa Wakili ya daɗe yana koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi da ke Garki, kuma in ka tambaye shi abin da ya tara a aikin, zai ce maka garin alli a huhu da ciwon bayan motar haya. Ɗan Keffi ne. Ya shigo Abuja lokacin da gine-gine ke tsirowa ko'ina, yana zaton tare za su tsiro. Gine-ginen suka yi sama, shi kuwa tsadar haya ta yi ta tura shi baya har ta fitar da shi daga birnin, ta dire shi a ciki da falo a bayan kasuwar lemo ta Mararaba, shi da matarsa Halimat. Amma Turanci kam ya iya shi. Yaran da suka bi ta hannunsa ba sa faɗuwa jarrabawa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida.

Sai zamani ya juya masa baya. Mai makarantar, Madam Janet, ta sayo kwamfutoci masu karanta wa yara darasi da muryar Bature, ta kuma ɗauko wata matashiya mai magana ta hanci. Ran nan ta kira shi ofis.

"Malam, no vex," in ji ta. "Parents suna complain. Sun ce yara yana dawowa gida da Turancin Arewa. Daga Monday za ka koma kula da laburare."

Ba a kore shi ba, amma da korar ce da ta fi masa sauƙi. Laburaren nan ba mai leƙa shi sai ƙadangaru. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don shi a duniya ba abin da yake so kamar ya ga mutum ya shigo bai sani ba ya fita ya sani.

A kusurwar ɗakin akwai wata tsohuwar kwamfuta mai intanet. A nan ya tsinci wani shafi da ke haɗa malaman Turanci da ɗalibai daga ƙasashen waje, ana darasi ta bidiyo. Ya yi rajista da sunansa, ya sa hotonsa na Sallah da hula zanna. Ya jira, ya jira, ko ƙuda bai sauka ba. Da ya duba waɗanda ɗalibai ke rububi, duk a ƙarƙashin sunayensu an rubuta Landan.

To, ai shi ma Landan ɗin bai fi ƙarfin yatsunsa ba. Ya goge Nababa, ya rubuta Edward. Ya je wurin masu buga allunan talla a Area 10, suka buga masa ƙaton ƙyalle mai hoton kantar littattafai da taga, ga jar bas tana wucewa a waje. Ya sayi suwaita da mayafin wuya a gwanjo, ya karɓi aron kwamfutar cinya wurin ƙanen Halimat. Harshen kuma a cunkoson gadar Nyanya ya koye shi, waya a kunne, yana bin bidiyon Turawa yana murɗa leɓe. Har wata tsohuwa da ke kusa da shi a bas ta ɗauka wuridi yake, ta ce don Allah ya sa ta a ciki.

Ɗalibi ɗaya tak ya faɗo, wani injiniya ɗan Sin mai suna Mista Lin, kowace Asabar da hantsi. Kafin darasi Nababa zai duba yanayin Landan a intanet don ya san abin da zai yi ƙorafi a kai. Zai rataya ƙyallen, ya rufe taga saboda masu tallan ruwa, ya kashe fanka saboda ƙara, ya naɗa mayafin. Zufa na bin gadon bayansa yana gaya wa Mista Lin cewa yau sanyi ya yi yawa. Halimat takan leƙo ta labule bayan an gama ta ce, "Bature, in ka gama shan ƙanƙarar ga kunu nan." Shi ma yakan yi dariya, ya ce ai shi ne mutum na farko da zai mutu da zafi a tsakiyar hunturun Ingila.

Amma darasin ba wasa ba ne. Duk mako yana tattaro gajerun bidiyo da hotuna da wasannin kalmomi, yana tsara su da kulawa irin ta mai ɗinkin aure. Ya koya wa Mista Lin yadda ake neman shayi cikin ladabi, da yadda ake sayen tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda shi kansa bai taɓa gani ba. Mista Lin kuwa ɗalibi ne na gaske, ba ya makara, ba ya mantuwa, kuma duk ƙarshen darasi sai ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, malamina." Wannan kalma Nababa yake jira tun daga Litinin.

Wata Asabar suna tsakiyar darasi, sai ƙofar da ke bayan Mista Lin ta buɗe, wani mutum da hular kwano ya leƙo.

"Oga, tirela ya iso, siminti ne! A sauke ko a bari?"

Hausa ce, tangaran, daga cikin kwamfuta. Saura kaɗan Nababa ya ce a sauke mana. Mista Lin ya juya, ya jero wata doguwar jimla mai cike da ban haƙuri, daidai yadda aka koya masa. Mai hular ya yi sororo, ya ce, "Kai, wannan oga da Turancin rediyo," ya ja ƙofa.

Mista Lin ya dawo da fuskarsa a sanyaye. Ya ce ai shi ba a ƙasarsu yake ba, yana Najeriya, wani wuri da ake kira Idu kusa da Abuja, suna shimfiɗa layin dogo. "Ba za ka san wurin ba," in ji shi.

Nababa, wanda ya taɓa yini a Idu yana neman aikin akawu, ya ce lalle bai taɓa ji ba.

"Malamina, ban taɓa samun mai koyarwa kamarka ba," Mista Lin ya ci gaba. "Amma mutanena ba sa gane ni, ni ma ba na gane su. Jiya saura ƙiris ƙarfe ya faɗo wa wani, ina ta neman kalmar ladabi. Dole in dakata da darasinmu. Malami ɗan ƙasar nan nake bukata, wanda ya san yadda suke magana, in ya iya Hausa ma ya fi, ya riƙa zuwa wurin aiki. Ko ka san wani?"

Ga aiki an yanka shi daidai wuyan Nababa. Abin da ya rage kawai ya warware mayafin nan ya ce ga ni. Hannunsa har ya kai wuya. Sai ya tuna watannin da bawan Allahn nan ya yi yana yi masa sannu da sanyi, yana tambayar lafiyar wani kare da Nababa ya ƙirƙiro don darasin dabbobi. Ya ga yadda fuskar nan mai girmama shi za ta sauya. Kunya ta danne shi, ya gyara zaman mayafin.

"Ina mai matuƙar baƙin ciki," ya ce, "ban san kowa a can ba."

Tun da ya fara koyon harshen nan bai taɓa fitar da jimla mai kyan wannan ba. Mista Lin ya sunkuyar da kai, ya yi godiya, hoton ya ɗauke.

Nababa ya daɗe zaune bai ko kunna fanka ba. Halimat ta shigo, ta tsaya a kansa. Turancinta ba shi da yawa, amma ta ji abin da ya isa.

"Ɗan Najeriya ya ce yana nema, ko?"

"Eh."

"Mai jin Hausa?"

"Eh."

Ta dube shi daga suwaita har silifas, ta ce, "To, Allah ya haɗa shi da shi."