Tulun Inna Hajo da kaskar da ta ƙi ƙarewa

Ban taɓa mantawa da ranar da na zura hannuna cikin wani fasasshen tulu a bayan rumbu ba, kuma ba na jin zan manta har in koma ga Mahaliccina. Ku da kuka kama aikin nan kwanan nan, ina so ku ji labarin daga bakina, domin ni na yi kuskuren.

A lokacin ina matsayin mataimakin jami'in lafiyar dabbobi a yankin Faskari. Mutanen ƙauye Likita suke ce mini, amma likita na ainihi yana ofis, shi muke kira Dakta, shi nake kai wa rahoto duk ƙarshen wata. Aikina shi ne allurar rigakafi, feshin kaska, duba dabbar da ta kwanta, da kuma taron wayar da kai kafin damina. Na shekara sha ɗaya ina wannan aikin, kuma in faɗi gaskiya, kaina ya fara girma.

A wani ƙauye kusa da Tafoki akwai wani manomi, Malam Lawal. Da yana da shanu masu ɗan yawa, ɓarayin daji suka kore su, aka bar shi da bijimai biyu na huɗa, Fari da Ja. Su ne ƙarfinsa. Da su yake huɗar gonarsa, da su yake yi wa maƙwabta aiki ya ciyar da gida. Tun daga wancan tashin hankalin ya daina sakin su kiwo. Ya kafa musu turke a cikin gida kusa da rumbu, daga gida sai gona, daga gona sai gida.

A watan Mayu na shekarar da abin ya faru ya same ni ranar kasuwa ya ce kaska ta dame shi. Na je na gani. Irin babbar nan ce mai zane a baya da dogon baki, ta cika musu ƙirji da tsakanin cinyoyi da gindin wutsiya. Ban damu ba, lokacinta ne. Na haɗa magani na yi feshi da hannuna, na bar masa sauran, na nuna masa ma'auni, na ce ya riƙa yi duk bayan mako biyu.

A watan Yuni na koma, na tarar kamar ban taɓa zuwa ba. Na canza magani, na mayar da feshin duk mako. A watan Yuli na sake komawa, na tarar abin ya ƙara muni. Kirci ya kama Fari. Ga wanda bai san kirci ba, ciwon fata ne da ke tashi da ɓawo mai kauri, gashi ya dunƙule, kuma wannan kaskar tana cikin abubuwan da ke ƙarfafa shi. Ya bi bayan bijimin ya hau wuya, daidai inda karkiya take zama. Bijimin huɗa in wuyansa ya lalace ya tashi aiki, kuma ɗaya ba ya jan garma shi kaɗai. Ga huɗar ƙarshe tana tafe.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne shanun maƙwabtansa. Gonakinsu ɗaya, ciyawarsu ɗaya, maganin da na ba su ɗaya, amma nasu sai ka duba da kyau kafin ka ga kaska biyar. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Na san wasu manoma kan karkatar da maganin dabbobi su fesa wa wake, sai na yanke hukunci ba tare da bincike ba. A ƙofar gidan mai unguwa, gaban mutane, na ce masa:

"Malam Lawal, mu daina ɓata wa juna lokaci. Maganin nan ba jikin shanu yake zuwa ba."

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "Likita, ni za ka cewa haka? Wallahi ko ɗigo ban kai gona ba. Shanun ga su kaɗai sunka rage mani. In cuce su in ci mi?"

Ban saurare shi ba. Na hau babur na tafi, na rubuta a rahoto cewa mai dabba ba ya bin umarni.

Dakta ya karanta ya ajiye takardar. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya tambaye ka abu sai gumi ya keto maka. Ya ce, "Ka gan shi yana fesa wa wake?" Na ce a'a. Ya ce, "Ka taɓa wuni a gidan?" Na ce feshi ba ya cin wuni. Ya ce, "To kai jikin shanu kawai kake dubawa. Kaska kwanakin da take yi a jikin sa kaɗan ne, sauran rayuwarta a ƙasa take yi. Koma ka zauna ka ga yadda suke safiya a gidan." Na fito ina ƙunƙuni.

Ranar wata Talata ta farkon Agusta na isa gidan da sassafe. Malam Lawal ya amsa sallamata a daƙile, ya shimfiɗa mini buhu a gefe. Ina zaune mahaifiyarsa ta fito, Inna Hajo, tsohuwa mai tsafta da yawan tasbihi. Muka gaisa. Ta nufi turke da ɗan ƙoƙo a hannu, ta tsuguna gefen Ja tana shafa shi tana yi masa magana kamar jikanta. Duk kaskar da ta ƙoshi ta kumbura sai ta murɗe ta ta jefa a ƙoƙon. Na ji daɗin ganin haka, har na ce a raina ga wadda ta san aiki. Da ta gama sai ta zagaya bayan rumbu, ta dawo da ƙoƙon babu komai.

Na ce, "Inna, ina kika kai su?"

Ta ce, "Wurin da nika tara su mana. Zo ka gani, ko ɗaya ban yar ƙasa ba."

Tulu ne tsoho, gindinsa ya tsage, an jingine shi a inuwar rumbu inda ƙasa ke da danshi, an rufe bakinsa da fasasshen kasko. Na ɗaga kaskon. Cikin da duhu, sai na yi gangancin zura hannu in karkato shi. Na ji wani abu mai laushi kamar jiƙaƙƙen gari. Na zaro hannun na gan shi ya yi ja ja, kamar na taɓa garin barkono. Sai garin ya fara tafiya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe 'ya'yan kaska ne. Suna hawa damtsena, ƙanana ƙwarai, ba su kai kan allura ba. Na yi tsalle baya ina karkaɗe hannu kamar wanda ya taɓa garwashi. Malam Lawal ya kawo tocila muka haska. A ƙasan tulun ga busassun uwaye na bara sun yanƙwane, a kansu ga na bana, kowace da tulin ƙwai a gabanta, masu sheƙi kamar irin alayyafo. Bakin tulun da tsagar gindin kuwa duk sun yi ja da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe. A makaranta an koya mini cewa mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai, na rubuta a jarrabawa na ci. Amma gani ya kori ji.

Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun bara. Tun sadda Lawal ya dawo taron da anka yi ƙohwar mai unguwa ya ce Likita ya ce kada a ƙara yar da kaska ƙasa."

Ni na yi wannan taron. Na tuna kalmomina sarai: kada a yar a ƙasa, a tara a ƙona. Na ce, "Ai na ce a ƙona, Inna."

Ta girgiza kai. "Ya hwaɗa mani. Amma ni ba ni ƙona abu mai rai, ɗana. Azaba da wuta sai Mai wuta. Na ga kaska in ta ƙoshi ai ta gama, mutuwa za ta yi. Sai na ce su mutu nan a hankali."

Na tambaye ta, kafin taron fa? Ta ce a tsakar gida take watsa su, kaji su yi rububi su tsince. Wato shekara da shekaru kaji suna yi wa gidan nan aiki kyauta, ni na zo da ilimina na hana, tsohuwa ta yi mini biyayya ta gina wa kaska ɗaki mai inuwa da danshi inda kaza ba ta isa.

Malam Lawal bai gamsu ba. Ya ce, "To Likita, waɗanga 'yan mitsi-mitsin ban taɓa ganin su jikin shanuna ba. Manya nika gani." Na ce a kamo mini zabuwa ɗaya cikin zabin Inna da ke kwana a gindin rumbu. Da ƙyar aka kama. Na buɗe gashin wuyanta da kewayen kunne, ga su nan jere sun kafa baki. A ƙarƙashin rumbun muka zaƙulo bushiya, ita ma tsakanin ƙayoyinta duk su ne.

Nan na tsuguna na yi bayanin da ya kamata in yi tun bara. Na ce wannan kaskar sau uku take cin abinci a rayuwarta, kuma kowane ci a jikin dabba dabam. In ta fito daga ƙwai tana da ƙafa shida, takan hau abin da ke kusa da ƙasa, zabuwa ko bushiya ko zomo, har da ɗan akuya. Ta sha jini ta faɗo ta yi saɓa, ta fito da ƙafa takwas. Da rani ta sake hawa wata dabbar ta sha ta faɗo ta sake saɓa. Ruwan farko yana sauka ta zama babba, sai ta nemi sa. Na ce wa Malam Lawal, "Waɗanda suka cinye Fari bana, 'ya'yan tulun bara ne. Waɗannan da ke hannuna na baɗi ne. Muna feshi a turke, suna fitowa daga bayan rumbu."

Inna Hajo ta zauna a ƙasa daɓas. Ta daɗe tana kallon Fari, yana tsaye ƙudaje na bin wuyansa. Sannan ta ce a hankali, "Ashe ni nika kiwon su." Ta juyo gare ni, babu faɗa a muryarta. "Likita, da ka ce mana haihuwa takan yi, ai da ban aje ta ba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Muka tuttula maganin feshi a tulun, muka jiƙe gindin rumbu da kewayen turke, aka share ciyawar wurin. Na samo gwangwani na zuba kananzir, na ce duk wadda ta cire ta jefa a ciki. Ta ce wannan ta yarda, tunda ba wuta ba ce. Fari kuwa na yi masa allurai iya ƙoƙarina, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Bai sake ɗaukar karkiya ba, kafin kaka mahauta suka tafi da shi. Huɗar ƙarshe da aron bijimin maƙwabci Malam Lawal ya yi ta, a makare, bayan mai shi ya gama tasa.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan ganin tulun na tsaya a ƙofar gidan mai unguwa, inda na ci masa mutunci, na ce jama'a su shaida ƙarya na yi masa. Ya ce ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ne. Na koma ofis na roƙi Dakta ya ba ni rahoton na sake rubutawa.

Abin da na koya shi ne mutanenmu ba ƙin bin umarni suke yi ba. Suna bi, amma gwargwadon abin da suka fahimta da abin da zuciyarsu ta yarda da shi. In ka ba mutum doka ba ka ba shi dalili ba, rabin da ya iya zai ɗauka, kuma ba ka san wane rabi ba ne. Shi ya sa kuke ganin 'yar kwalbar nan mai ƙwan kaska a jakata. Duk taron da na je sai ta zagaya hannu hannu, kuma ba na tashi sai na roƙi a shiga da ita cikin gida a nuna wa tsofaffi, domin su ne ke tsugunawa gefen turke da safe.