Kakata 'Yar Harka

Har yau idan aka warware sabuwar atamfa kusa da ni, ƙamshin nan na sitaci da rini sai ya mayar da ni ɗakin Kaka a unguwar New Bell ta Duwala. Mahaifiyar Innata ce, ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni, kuma a ɗakinta na yi wayo, tsakanin turamen atamfa da take jerawa a kan katako don kada laima ta taɓa su. Wanda bai zauna a Duwala ba, ba zai gane wannan tsoron ba. Idan damina ta kankama, ruwa yakan kwana uku yana dukan kwano, lambatu ya cika ya shigo tsakar gida, mu riƙa taka bulo da katakai kafin mu kai bakin ƙofa. Komai sai ya yi funfuna, takalmi da littafi da bango. Atamfar Kaka ce kaɗai ban taɓa ganin ta yi ba.

Daga arewa ta zo a jirgin ƙasa tare da mijinta, mai fataucin shanu. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, 'yan'uwanta suka aiko ta dawo gida, ta ƙi. Ta fara ɗaukar atamfa a ka tana bin gidaje, daga baya ta samu rumfa a kasuwar Mboppi. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma na sha jin ta tana ciniki da Faransanci, ta juya ta zagi ɗan dako da Pidgin, ta sake juyawa ta gaisa da Bafulatana da Fulatanci. Kalmar da ta fi kowace yawa a bakinta ita ce harka. Idan ta raina mutum sai ta ce ba shi da harka. Idan ta yabi mace sai ta ce wannan ta san harka. A gidanmu kalmar mutunci ce, ta wanda yake tashi da asuba ya nemi halak ɗinsa.

Kawu, babban ɗanta, direban babbar mota ne a tashar jiragen ruwa. Shi ya fara kawo na'urar bidiyo layinmu, da kaset huɗu kacal. Ranar Juma'a bayan la'asar ake kunnawa, ranar da Kaka ba ta komawa kasuwa. Za a fito da tele bakin ƙofar falo, a shimfiɗa tabarmi, maƙwabta su shigo da 'ya'yansu, mai tuyar makala, wato fanke, a ƙofar gida ta sauke kaskonta ta leƙo. Sai a jera kaset ɗin nan huɗu a gaban Kaka, ta nuna ɗaya da bakin mafici. Shi ke nan, magana ta ƙare. Mun kalli kowanne har mun haddace, muna faɗin magana kafin mai maganar ya buɗe baki, amma ban tuna ranar da wani ya tashi ya ce ya gaji ba.

A tabarma ɗaya muke zama ni da ɗan Kawu, taubashina, wanda ya girme ni da shekara ɗaya. Shi ya iya na'urar fiye da mai ita. Idan hoto ya fara rawa, shi yake buɗe ta ya goge da auduga. Yana tsokanata yadda taubasai suke yi, ya ƙwace mini makala, in kai ƙara, Kaka ta ce ita ba ta shiga tsakanin mata da miji. Amma da wani yaro ya ture ni cikin lambatu a hanyar makaranta, shi ya bi shi har ƙofar gidansu. Na faɗi wannan ne don ka san irin yardar da na yi masa.

Shekarar da Kaka ta dawo daga Makka, Kawu ya ɗauko mai kyamara don walima. Bayan baƙi sun ci sun watse, mutumin ya ce akwai sauran fili a kaset. Kawu ya roƙi mahaifiyarsa ta ba da labarinta. Ta yi ta nonnoƙewa, daga baya ta gyara farin mayafinta ta zauna a kujerar tsakar gida, haƙorin Makka yana walƙiya. Ta yi magana mai tsawo. Ta faɗi sunan garinsu da sunan rijiyar da suke ɗebo ruwa, ta faɗi yadda ta ga teku karo na farko ta ɗauka sama ce ta faɗo, ta faɗi ranar da gobara ta cinye layinsu a kasuwa ta koma ɗaukar kaya a ka da furfurarta. Can tsakiya ta ɗaga kai ta ce:

"Ni dai 'yar harka ce tun ƙuruciyata. A Mboppi babu wanda ban yi harka da shi ba, Bamileke da Ibo da Fulani, har Turawa. Da harka na ciyar da 'ya'yana biyar. Atamfa na sayar, gaskiya na riƙe, kuma babu mai cewa na taɓa rage masa taƙi ɗaya."

Muka tafa mata. Kawu ya juya baya yana share ido.

Kafin ta rasu, ina 'yan mata lokacin, ta ciro kaset ɗin daga ƙasan akwatinta, a naɗe cikin ƙyallen atamfa, ta ba ni. Ta ce na 'ya'yanmu ne, su ji muryarta su san daga inda suka fito, kada in bari ya zaga gari.

Shekaru suka wuce. Na yi karatu, na samu aiki a ofis, na yi aure. Na'urar Kawu ta mutu, masu gyaranta ma suka ƙare. Kaset ɗin yana cikin durowata, kullum ina fargabar laimar Duwala ta cinye shi. Shi kuwa taubashina ya buɗe shagon gyaran waya a unguwar Nylon, yana kuma juya tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Ya ce mini har tasha gare shi. Na yi dariya, don a kunnena tasha wurin da jirgi ko mota ke tsayawa ce, ko kuma ta rediyo. Ya ce a'a, tashar bidiyo ce a intanet, yana saka abubuwan ban dariya, mutane suna bin sa.

Abin da ya sa na ɗauki kaset ɗin na kai masa, Kawu ne. Ya tsufa, ƙafa ta hana shi tuƙi, 'yarsa ta saya masa ƙatuwar tele mai haɗe da intanet don ta ɗebe masa kewa. Duk Asabar da na je gaishe shi, sai in tarar da shi riƙe da telekomand, wato rimot, yana dannawa. Hotuna suna wucewa layi-layi, wa'azi da kokawa da waƙa da girki da fina-finan da ba su ƙirguwa. Ya tsaya a kan ɗaya, ya ce bari ya ga na gaba ko ya fi. Shayinsa ya huce, a kira la'asar, ya kashe bai kalli komai ba. Wata rana ya ce mini tun da aka kawo masa abin nan bai ga ƙarshen fim ko ɗaya ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa, na kusa kawo masa abin da zai kalla har ƙarshe. Ban gaya masa ko mene ne ba.

Taubashina ya karɓi kaset ɗin da hannu biyu. Na maimaita masa maganar Kaka, ya ce haba, shi ma ai kakarsa ce. Ya ce in ba shi sati biyu. Sati biyu ya zama wata biyu, kullum aiki ya yi masa yawa.

Ranar wata Talata, lokacin hutun rana a ofis, wata abokiyar aikina 'yar Garwa tana ta dariya ita kaɗai a kan wayarta. Ta ce in zo in ga wata tsohuwa marar kunya. Na leƙa. Farin mayafi na fara gani, sannan kujerar tsakar gidanmu. Kaka ce. Ta ce ita 'yar harka ce, ta lissafa Bamileke da Ibo da Fulani da Turawa, ta ce da harka ta ciyar da 'ya'yanta biyar. A nan aka yanke. Aka saka shewa da dariyar mutane, hoton ya koma farko.

Wallahi da farko ban gane abin dariyar ba. Ni Hausar gida nake ji, ba ta yaran intanet ba. Abokiyar aikin nawa ce ta rage murya ta yi mini bayani: a bakin matasa yanzu, in an ce mace 'yar harka ce, ana nufin mai sayar da kanta ga maza. Ta ɗago ta ga fuskata, dariyar ta tsaya. Ta koma Faransanci ta tambaye ni ko na san tsohuwar. Na ce a bayanta na yi barci.

Ban nemi izini ba, na fita na tare bensikin, acaɓar Duwala, zuwa Nylon. Duk hanya ina ba taubashina uzuri a raina, ina cewa wataƙila wani ne ya sata daga kwamfutarsa. Na same shi yana liƙa fuskar wata waya. Da ya gan ni bai ko razana ba. Na tambaye shi ko ya san abin da kalmar take nufi yanzu. Ya ce ya sani mana, in ba haka ba me zai sa ya yanka a wurin.

"Taubashiya, wasa ne fa," ya ce. "Kaka da kanta da tana raye sai ta fi kowa dariya. Kin san mutanen da ta kawo mini kuwa? Duk abin da na taɓa sakawa babu wanda ya kai ta."

Na ce ya ba ni kaset ɗina. Ya sosa ƙeya, ya ce zaren ya tsinke ya naɗe a cikin na'ura bayan ya gama juyawa, ya zubar. Amma kada in damu, ya saka cikakken ma a intanet, in nema zan gani.

Na nema. Kwana da kwanaki ina nema. In na rubuta kalmar, sai Kaka ta fito mini kashi-kashi: wannan an saka mata kiɗa, wancan an ƙara mata jan baki, ga wasu 'yan mata sun yafa farin gyale suna motsa leɓe da muryarta suna kashe ido. Duk wanda na buɗe don in duba, sai manhajar ta ɗauka daɗinsa na ji, ta jero mini wasu goma. Na wayi gari wayata ba ta nuna mini komai sai kakata ana yi mata dariya. Cikakken kuwa babu shi. Da na matsa masa, ya amsa cewa ya cire shi tuntuni don babu mai tsayawa ya kalli tsohuwa tana surutu mai tsawo, kwamfutar da yake ciki kuma ya goge ta ya sayar. Sunan garin nan da rijiyar nan, ni ban riƙe su ba. Na dogara da kaset.

Na so in ɓoye wa Kawu, amma tele ta riga ni. Wata safiya ya kira ni a waya, cike da murna, ya ce in zo maza, ga Innarsa a tele. Yana cikin danne-dannensa ta fito masa da kanta. Na je na same shi ya matso da kujera har gaban gilashin. Ya ce ashe abin da na yi masa alkawari ke nan, Allah Ya yi mini albarka. Sannan ya tambaye ni me ya sa ake dariya, kuma ina sauran. Na ce wai yayi ne na yaran zamani. Ƙarya na yi masa, kuma ba ta yi kwana uku ba. Shi da kansa ya ɗauki labarin ya kai majalisar ƙofar masallaci yana alfahari, wani tsohon abokin tuƙinsa ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya.

Ya aika aka kira ɗansa. Ina wurin. Na zaci zai ɗaga murya, bai ɗaga ba. Ya dube shi ya ce:

"Da wannan harkar aka saya mini wandon makaranta. Tashi ka tafi."

Taubashina ya cire nasa daga tasharsa a ranar, ya turo mini dogon saƙon ban haƙuri. Na karanta, ban amsa ba. Cirewarsa ba ta hana komai ba, abin ya riga ya shiga hannun mutanen da ba su san mu ba. Muna haɗuwa a suna da biki, mu gaisa kamar maƙwabta. Bai sake kirana taubashiya ba, ni ma ban nema ba.

Na kan zauna in yi tunanin yadda kalma take tsufa a bakin mutane ba tare da ta sanar da masu ita ba. Kaka ta faɗi maganarta da Hausa tsarkakakkiya, ta mutu da mutuncinta, sai bayan ranta aka sauya wa kalmar riga aka dawo aka kama ta da laifi. Wannan ba laifin kowa ba ne, harshe haka yake. Wanda ya san ma'ana biyun, ya san wadda ta nufa, ya sa almakashi daidai inda zai fi ciwo, shi ne na kasa yafe wa har yanzu, kuma jininta ne.

Kawu ya daina zama a majalisa. Ya kuma daina danne-danne. Ya sa jikarsa ta ajiye masa guntun nan a inda zai same shi da dannawa ɗaya. Ya taɓa tambayata ko akwai yadda za a cire dariyar a bar muryar, na ce an riga an cakuɗa su. Don haka yake kashe sautin gaba ɗaya. Asabar ɗin da ta wuce na same shi haka, falo shiru, mahaifiyarsa tana gyara mayafi tana motsa baki, hoton yana ƙarewa yana komawa farko. Na zauna kusa da shi. Da aka zo wurin da aka yanke, sai na ji shi a hankali yana ƙarasa mata: atamfa ta sayar, gaskiya ta riƙe, babu mai cewa ta taɓa rage masa taƙi ɗaya.