Allurar Yayata a Firigon Kawu

Shekarun baya, kafin kowa ya ɗora pano mai ba da lantarki daga hasken rana a kan rufinsa a Dakoro, yayata ta kamu da ciwon gaɓɓai da ya nemi raba ta da sana'arta. Makitsiya ce, irin wadda ake zuwa ɗauka har daga Birnin Lalle in za a yi biki. Tun rasuwar mijinta da yatsun nan take ciyar da ƴaƴanta. Sai ga yatsun sun kumbura, ko mataji ba ta iya riƙewa. Babu jiƙon da ba ta sha ba, babu man da ba a shafa mata ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na kai ta Yamai. Likitan da ya duba ta ya ce garkuwar jikinta ce ta rikice take yaƙar gaɓɓanta. Ya ce masu bincike sun yi nisa a wannan fanni: a ciwon daji suna zaburar da garkuwar jiki ta afka wa ciwon, a irin nata kuma akwai sabuwar allura da ke kwantar da ita. Sai da aka tabbatar ba ta da tarin fuka kafin ya rubuta mata, don allurar tana rage wa jiki ƙarfin kare kansa. Ƙanenmu da ke aiki a Faransa ya ɗauki nauyin aiko ta cikin akwatin sanyi. Likita ya kafa sharaɗi biyu: kada maganin ya rabu da sanyi, kada kuma a tsallake lokacinsa.

A duk danginmu firigo ɗaya ne ba ya mutuwa ya daina sanyi in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, na butik ɗin kawuna da yake tireda a ciki, yayan mahaifiyarmu. Can na kai akwatin. Da yake ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, sai na tsaya na yi wa Kawu darasi a kan garkuwar jiki, har da zane da yatsa a kan tebur. Yana ta gyaɗa kai yana auna wa wata mata sukari. Na fito ina jin yau na koyar.

Allurar kuwa ta yi aiki. Cikin ƴan watanni yayata ta koma kan tabarmarta, mata na layi a tsakar gida. Labari ya zaga gari cewa an samo maganin sanyin ƙashi daga ƙasar Turawa.

Ana gab da babbar salla, lokacin da makitsa ba su da sukunin cin abinci, na je ɗauko allurar da za a yi mata. Na buɗe akwatin da ya kamata ya kai mu ƙarshen damina, na tarar babu komai ciki.

Na ce, "Kawu, ina maganin Yaya?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Au, wanga? Ai ta warke, da idona na gan ta tana kitso. Abokina dillalin shanu gwiwa ta hana shi zuwa kasuwa, na ba shi. Surukina na Mai Yara ma ya samu. Sauran, mutane ne suka zo roƙo, in ce masu mi?"

Na ce ai ba warkewa ta yi ba, maganin ne ke riƙe da ita. Ya ce, "Kai yaro, magani na Allah ne. Wanda ya ji sauƙi bai hana ma ɗan'uwanshi. Ku buga ma na Faransa shi aiko wani mana." Kamar goro ne za a saro a tasha.

Ranar ban san lokacin da muryata ta kai bakin titi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, kafin in isa gida ƙarata ta riga ni. Mahaifiyata ta tare ni a zaure ta ce, "Yayana za ka ɗaga ma murya gaban mutane? Koma ka ba shi haƙuri." Na koma, na durƙusa, na ba da haƙuri. Kawu ya ce ya yahe mini. Shi ne ma ya yafe! Bayan kwana biyu dillalin ya aiko a faɗa mana maganin namu ba shi da ƙarfi, gwiwarsa na nan yadda take. Allah dai ya kiyaye, babu wanda allurar ta kayar a cikinsu.

Kafin ƙanenmu ya haɗa wani, a kuma sami matafiyin da zai riƙo shi da sanyinsa, damina ta wuce. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Da aka ci gaba da allurar ta sami sauƙi, amma ba kamar farko ba. Yatsu biyu na hannun damanta sun lanƙwashe, likita ya ce ba za su sake miƙewa ba.

Yanzu tana da ɗan firigonta, a ciki take ajiye maganin, tana kuma sayar da ƙanƙara. Ni dai duk lokacin da na karanta cewa bincike ya ƙara gaba, ina murna, amma sai raina ya ɓaci. A garinmu kyauta da abin wani ba laifi ba ne in babba ne ya yi ta, laifin na wanda ya yi magana ne.

Bara aka aurar da babbar ƴarta. Wata makitsiya aka ɗauko, yayata na zaune gefe tana nuna mata inda za ta tsaga. A wurin ɗaurin aure kuwa na ji Kawu yana gaya wa baƙi, "Uwar amaryar nan da kuke ji, a firigona ta warke."