Kuskuren Duba-Ƙasa na Uku

Duba-Ƙasa ake ce masa, kuma wallahi wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba. Shekara talatin da huɗu yana zaune a bakin ƙofar tsohon wurin ibadar nan na tsakiyar birni, yana karɓar takalman masu ziyara yana jerawa a kan katakai. Fuskar mutum ba ta dame shi ba, ƙafa yake kallo. Ka shiga ka yi awa biyu, kana fitowa zai dubi yatsunka ya miƙo maka naka, ba lamba, ba tambaya.

Birnin kuwa ba ya rabo da baƙi. Motoci su sauke su a bayan ganuwa, su biyo lungunan dutsen da sawun mutanen dā ya goge har suna santsi, 'yan jagora na gaba da lema a ɗage. Akwai wani ɗan jagora mai ƙaton tumbi da ke tsayawa daidai kan Duba-Ƙasa yana zuba tarihin ƙofar. Yau ya ce shekararta ɗari tara, gobe in baƙin sun yi kama da masu hannu da shuni, ta koma dubu da ɗari biyu. A da, Duba-Ƙasa kan kwashi wannan ya kai wa matarsa, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Oh ni, ƙofar nan ta fi ni saurin tsufa."

Wata huɗu ke nan da ta rasu. Bai yi kuka ba. Ba kuma dauriya ba ce, ya nemi kukan ne bai same shi ba. Abinci ya zama abin taunawa kawai. Da 'yan'uwanta suka zo raba kayanta, suna tambayarsa wannan fa, wancan fa, ya ce ku ɗauka. Suka kwashe har takalmanta.

Daga nan kuskure ya soma. Ya miƙa wa wani dattijo ƙafar dama guda biyu. Bayan sati ya ba wata 'yar gayu silifas ɗin mai shara, ta tara masa jama'a. Shugaban ma'aikatan wurin, wani matashi mai son biro da takarda, ya kira shi ofis.

"Baba, ka haife ni, ba zan ɓoye maka ba. Sau biyu ke nan. In aka yi na uku, sai dai ka je ka huta. Kuma ka san ɗakin da kake ciki na ma'aikaci ne."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ɗakin nan na jikin katangar baya, ciki ɗaya da 'yar baranda. A nan suka fara zama shi da matarsa, a nan ta cika. Ya kamata maganar ta kaɗa masa hanji. Ya ɗan tsaya a bakin ofis ya saurara ko zai ji wani abu a ƙirjinsa, shiru kake ji. Ya koma kan bencinsa ya ci gaba da aiki, yana duba kowace ƙafa sau biyu.

Wata Laraba da rana tsaka mota ta sauke ayarin mata. Ɗaya daga cikinsu ta tuɓe wani baƙin takalmi marar tsini, ta turo masa da ƙafa ta wuce. Ya ɗaga zai ajiye, sai hannunsa ya ƙi gaba. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefen waje, bayan takalmin kuma an take shi ya kwanta. Haka matarsa ke cin takalmi, sak. Shekara da shekaru yana yi mata tsiya cewa ƙafarta ta hagu da ƙasa akwai tsohuwar gaba. Ɗumin ƙafar baƙuwar ma bai gama fita daga ciki ba.

Bai ɗora shi a katako ba. Ya tura shi ƙarƙashin benci, ya ja buhunsa ya rufe.

Da matan suka fito kowa ta karɓi nata, sai ita kaɗai a tsaye.

"Baba, nawa fa?"

"Wane iri ne, baiwar Allah?"

Ta kwatanta. Ya tashi ya bi katakan nan ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa yana mayarwa. Mai tumbi ya ce, "Haba Duba-Ƙasa, yau ma? Ko tsufan ƙofar ne ya shafe ka?" Can bayan ganuwa direba sai danna hon yake yi. Matar ko faɗa ba ta yi ba, ta ce, "Ba komai, Baba, dama ya ji jiki." Ya cire nasa ya ba ta. Suka yi mata yawa, ta tafi tana jan su a kan dutse.

Shugaba ya iso. Abin da ya rage wa Duba-Ƙasa ya sa hannu ƙarƙashin benci ya ce af, ga shi nan, a bi matar da gudu, magana ta mutu. Ya san da haka sarai.

"Ya ɓata, ranka ya daɗe."

"Ka duba ko'ina?"

"Ko'ina."

Matashin ya shafa kai ya kau da ido. "To Baba, ƙarshen wata sai ka kawo makulli."

Da la'asar ya tashi, buhu a hammata, ƙafa ba takalmi, dutsen lungu bai gama hucewa ba. Yana isa ya fito da takalmin ya ajiye a bakin ƙofar ɗakin. Bai jera shi ba, ya bar ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya, yadda mai sauri ke tuɓewa. Sannan ya zauna a baranda ya zuba masa ido.

Maƙwabciyarsa, matar mai gadi, ta leƙo za ta kwashe shanya. Ta ga takalmi.

"Au, Baba, baƙuwa ka yi ba labari? Bari in shiga mu gaisa."

Ya ɗaga mata hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Bar ta. Yanzu ta kwanta."