Gilashin Duba Gyaɗa

Bari in faɗa da bakina kafin jikoki su riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ba kuma ƙaramin wawa ba, wawa mai aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, wanda ke jefa Faransanci inda ya dace da inda bai dace ba.

Shekarar da gyaɗa ta lalace, bayan babban fari, aka rufe sikelin da nake aiki a kasuwar Dungas. Mai gidanmu ya koma Damagaram, ya bar mini gilashin da muke duba ƙwayar gyaɗa da shi, mai mariƙin baƙin ƙarfe. In ka ɗora shi kan kwarkwata sai ka rantse ɗan akuya ne. Na koma ƙauye da shi a aljihu. Ba gyaɗar dubawa, sai na koma duba mutane. Ƙaya a ƙafa, hakukuwa a ido, duk ni. Aka fara ce mini dokta, ni kuwa ban hana ba.

Wata rana matar maƙwabcina ta kawo jaririnta, wai ba ya kama nono. Na buɗe bakinsa a rana, na kafa gilashi kan dasashi, sai ga farin ƙullutu kamar tulu. Na yi gyaran murya, na ce abin ya yi tsanani. Ta goya shi ta taka har Dungas. Majo, wato babban ma'aikacin gidan likita, ya duba ya ce haƙori ne zai fito. Ya kuma ba ta saƙo: a gaya wa doktan ƙauye ya mayar da gilashinsa kan gyaɗa. Saƙon bai tsaya gidana ba. Ko ta bakin rijiya na bi sai wata tsohuwa ta wage baki ta ce, "Dokta, duba mini, ko ni ma haƙori zan fitar?"

Ana cikin haka ƙyanda ta shigo gari. Ta kama 'yata ta uku, mai shekara huɗu, ta sake ta a rame, ga hatsi sai lallaɓawa. Ran wata Talata na ga tana tauna da gefe guda, miyau na zuba. Uwarta na wajen daka. Na ja ta bayan rumbu, na ɗaga leɓenta. A dasashin sama, wajen hagu, ga ɗan miki bai fi ƙwayar dawa ba. A gilashi kuwa gefensa toka-toka, tsakiyarsa ta zurma, naman kewaye ya kumbura, da an taɓa sai jini. Ko ni na san wannan ba irin na jaririn nan ba ne. Kowa kuma ya san ciwon da ke cin kuncin yara bayan ƙyanda. Akwai wata a ƙauyenmu da ta girma rabin fuskarta cikin mayafi.

To me babban dokta ya yi? Ya mayar da gilashi aljihu. Na ce wa kaina ai ƙara abu shi ne aikin gilashi. Gaskiyar ita ce fuskar majo nake hangowa, ina jin dariyar bakin rijiya. Laraba na sake dubawa a ɓoye, na ga ya faɗaɗa. Alhamis ban duba ba.

Juma'a da safe uwarta za ta yi mata wanka, sai ta tsaya cak, ta kai hanci bakin yarinyar.

"Malam, zo ka ji warin nan."

"Bakin mai zazzaɓi ne."

"Masu zazzaɓi biyu na yi jinya kafin ita. Ɗaura wa jaki."

Da muka isa Dungas, majo ya zaunar da yarinyar kan cinyar uwarta kusa da taga. Ya haska tocila, ya fito da nasa gilashin, wanda ma bai kai nawa girma ba. Ya daɗe yana kallo.

"Yaushe ya fara?"

"Yau na ji shi," in ji uwarta. Ni na kama kallon rufin ɗaki.

"Dokta, matso," ya ce, ba ko alamar wasa. "Ka ga naman nan da ya mutu? Kwana biyu nan gaba, da kuncin ya huje."

Ya wanke wurin tana ihu har muryarta ta dushe, ya shafa shuɗin magani, aka shiga allura. Kwana tara muka yi. Haƙora biyu suka fita, dasashin wurin bai sake cika ba. Har yau da take da jikoki, in za ta yi dariya sai ta kare baki da hannu. Amma kuncin ya tsira.

A hanyar komawa, yarinya na kan jaki tana tsotsar rake da gefen dama, hankalina ya kwanta, bakina ya kwance.

"Kin san wani abu? Abin da majo ya nuna mini, shi na gani sak tun ran Talata. Gilashin nan nawa bai yi ƙarya ba."

Uwarta ta tsayar da jaki.

"Tun Talata?"

"Wato, a ilimance dai…"

"Tun Talata ka gani, ka zauna kana cin tuwona kwana uku? Da ma makaho aka ba ni, Malam. Shi kam da sai ya tambaye ni."