Bayan Abinci

A shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya ƙarasa sauran dabbobinmu a ƙasar Tawa. Mahaifiyata, da muke kira Inna, ta sauko Yamai wurina tare da jikokinta biyar. Ni kuwa aikin kai takardu nake yi a wata ma'aikatar gwamnati. Sau ɗaya muke ɗora tukunya a yini, tuwon jar dawar taimako, bayan la'asar.

Wata safiya kuncin Inna ya kumbura har ido ya ƙanƙance. Likitan haƙori ya duba, ya ce mugunya ce ta taru a gindin haƙorin turmi, ba zai cire shi ba sai kumburin ya sauka. Ya yi mata allurar penisilin, ya rubuta kafso na kashe ƙwayoyin cuta da asfirin na ciwo. A farmasi aka rubuta da Faransanci a jikin kwalin kafson: ɗaya, sau uku a yini, bayan abinci.

Aji shida na yi a lakwal, wato makarantar boko, ni kaɗai ke karatu a gidan. Na karanta rubutun nan ya fi sau goma. Na taɓa jin cewa maganin Nasara yana ƙona hanji idan ciki ba kome. Na yi tunanin komawa in tambaya, sai na ji tsoron a ce ban iya karatu ba. Tunda abinci sau ɗaya ne, sai na riƙa ba ta kafso ɗaya, bayan tuwon la'asar, ina tsaye sai ta haɗiye loma uku tukuna.

Maƙwabciyarmu ta ce in ƙara wa Inna maganin. Inna ta ce, baki da ƙyar yake buɗuwa, "Bar shi. Shi ya yi lakwal, shi ya san takarda."

A rana ta biyar kumburin ya gangara wuya, zazzaɓi ya rufe ta. Muka koma. Likitan ya zazzage kwalin a tafin hannunsa, ya ƙirga abin da ya saura, ya dube ni. Na yi masa bayani dalla-dalla, yadda na bi rubutun ban tsallake kome ba. Bai yi mini faɗa ba.

"Malam," ya ce, "da ruwa kaɗai ma da ya isa."

Aka kwantar da ita, allura bayan allura. Kwananta biyu ta cika. Allah ya jiƙanta.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma kafso goma suka rage a kwalin, kuma ni na hana ta su.