Harsashi a Cikin Gwangwanin Mai

Duk unguwar Kumbiya-Kumbiya ta Gombe babu wanda ya kai ni sanin bindiga. Haka nake faɗa a teburin mai shayi, har nakan ce ko daga can garin Kwadon aka yi harbi, da jin ƙarar zan gaya maka zomo aka samu ko gwanki, kuma namiji ne ko mace. Alhali kayan babur nake sayarwa a Bolari, kuma bindiga ta gaske sau ɗaya na taɓa riƙewa, shi ma mai ita ne ya ce in riƙe masa zai ɗaura takalmi.

Mai bindigar abokina ne, wani bakanike Batangale da garejinsa ke jikin shagona. Shi yana ce mini Alhaji don tsokana, ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, ni kuma ina ce masa Injiniya. Mutum ne da ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale shi a bushe. Sifana, kusa, kwaɗon ƙofa, duk sai ya shafa musu mai. Na sha cewa da zai samu dama, da limamin cocinsu ma ya zuba masa girisi a gwiwa.

Bindigar gadon mahaifinsa ce, tsohon ma'aikacin gandun daji. Ba irin ta harbin zabi ba ce mai watsa ƙananan dalma, ba kuma ƙatuwar ta giwa ba. Matsakaiciya ce, harsashinta ya kai tsawon yatsa, da ita tsohon ya riƙa kayar da gwanki da ɓauna a zamaninsa. Ragowar harsasan 'yan kaɗan ne, ba a kuma samun irinsu a kasuwa. Don gudun tsatsa, Injiniya ya zuba su cikin gwangwanin madara, ya cika shi da man inji, ya rufe, yadda yake adana boris ɗin ƙafar mota. Suka shekara da shekaru a ciki.

A shekarar da abin ya faru aiki ya ja baya a gareji, sai ya tattara ƙarfinsa ya noma shinkafa a fadama, gaba da Kwadon, kusa da ruwa. Abincin gidansa na shekara ke nan, ba shi da wani. Shinkafa ta fara nuna, dorina ta gano ta. Ya kaɗa gwangwanaye, ya ƙona tsofaffin tayoyi, ya kafa mutum-mutumi, duk a banza. Kowace safiya sai ya tarar ta yi masa aski a wani sabon gefen.

"Alhaji, gobe ka raka ni," in ji shi. "Ba kashe ta zan yi ba, doka ta hana. Sama zan harba, ta ji muryar baba ta canza unguwa."

"Injiniya, ka zo wurin da ya dace," na ce. "Ni dorina in ta gan ni gaisuwa take yi."

Rana ta ɗan ɗago muka isa. Ya tsamo harsasan, ya goge su da tsumma, suna ƙyalli kamar zoben amarya. Muka hango ta a tsakiyar gona tana shirin komawa ruwa. Ni da nake ce wa mutane girmanta kamar tirela, a ranar na ga ashe ban taɓa yi mata ƙari ba. Abin da ba mu gani ba shi ne ɗanta, yana bayanmu cikin ciyawa. Mun shiga tsakanin uwa da ɗa.

Da babu bindiga a hannunsa da bai matsa kusa haka ba. Ta juyo, ta buɗe baki, ta taho. Ya ɗaga sama ya ja kunama. Ƙyas. Ya fitar, ya sa wani, wannan karon ya saita ta. Sai wani ɗan sauti, fus, kamar an buɗe kwalbar lemo, da ɗan hayaƙi mai warin gareji. Mai ya daɗe da ratsawa ya jiƙa albarushin.

Ni dai na tsinci kaina cikin taɓo har ƙugu, ina kiran sunan Allah da muryar da ban san ina da ita ba. Daga nan na ga ta kama shi a ƙafa ta girgiza, ta yar. Manoman maƙwabta ne suka taho da ihu da sanduna suna dukan kwanuka, ta bi ɗanta suka faɗa ruwa. A bayan motar tumatir muka kawo shi Gombe, kansa a cinyata, rigata ɗaure a cinyarsa. A hanya ya buɗe ido ya ce, "Ai na goge su, Alhaji. Ka ga na goge su."

An yanke ƙafar daga gwiwa. Hukuma ta karɓi bindigar. Shinkafar kuwa, babu mai tsaro, dorina ta cinye rabonta, tsuntsaye suka ƙarasa.

Kullum ina zuwa asibiti, kuma abin da na iya shi na riƙa kai masa, wato surutu. Wata rana 'yan cocinsu sun cika ɗakin, kowa ya yi jugum, sai na ga bari in ɗan motsa wurin. Na fara ba da labarin yadda na tsaya gaba da gaba da dorinar, na daka mata tsawa har kunnuwanta suka kwanta, na ɗebo taɓo na watsa mata a ido. Babu wanda ya yi dariya. Injiniya yana kallon silin. Matarsa, wadda ta kwana biyu ba ta runtsa ba, ta sunkuya ƙarƙashin gado ta jawo wani abu ta miƙo mini.

"Alhaji, in ka gama da dorinar, ga fo ɗin fitsarinsa nan, a taimaka a zubar."